Sanarwar Sabon Bugun Manhaja: Labarin Kasuwancin Da Masu Dukiya Ba Su Cika Karantawa Ba

LEGAS. Unguwar Ilupeju ta daɗe da yin suna a matsayin matattarar masana'antu a birnin Legas, domin kuwa a nan ne manyan kamfanoni irin su Nestlé da PZ Cussons suka kafa manyan ofisoshinsu na Nijeriya. A shekarun baya-bayan nan kuma unguwar ta karɓi baƙuncin wata sana'a da ba ta da bututun hayaƙi, ba ta kuma bukatar tirelar ɗaukar kaya, wato sana'ar rubuta manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas cikin shekarar 2014 domin horar da matasa wannan sana'a tare da sama masu aiki a kamfanonin ƙetare, ya yi zama a wani dogon bene mai suna EPIC Tower da ke bakin titin Ikorodu a unguwar. A 2016 gidauniyar Chan Zuckerberg ta jagoranci zuba jarin dalar Amurka miliyan 24 a kamfanin. A watan Satumba na 2019 kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a ƙasashen da yake aiki, sannan a 2020 ya rufe ofisoshinsa, ya koma tsarin kowa ya yi aiki daga inda yake. Ofishin ya tashi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka sami horo a can sun bazu cikin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na gida da na waje.

Akasarin abin da waɗannan ma'aikata ke ginawa yana tsaye ne a kan abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da masu ita suka baje rubutun umarninta a fili, suka kuma ba kowa lasisin ya ɗauka, ya yi amfani da ita, ya gyara, ya rarraba, ba tare da biyan kuɗi ba. Mai rubuta manhaja ba ya fara aiki daga tushe. Yakan ɗauko irin waɗannan tubala goma, ko ɗari, ya jera, ya ɗora nasa aikin a bisa. Duk lokacin da masu kula da wani tubali suka gyara shi, sai su fitar da sabon bugu tare da sanarwar abin da ya sauya. Wannan sanarwa ita ce ta shafi aljihun ɗan kasuwa, ko da kuwa bai taɓa jin sunan tubalin ba.

Daga Ilupeju zuwa Agege

Tafiyar 'yan kilomitoci ce tsakanin Ilupeju da Agege, inda Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro, suke kuma riƙe da cinikin dabbobi a mahautar Oko-Oba. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa dillalan shanu da masu goro da 'yan gwari na kasuwar Mile 12 karɓar kuɗi ta waya da kuma na'urar POS. Da yawa daga cikin waɗannan wayoyi da na'urori suna aiki ne da tsarin Android, shi kuwa Android an gina shi a kan Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar fara rubutawa a watan Agusta na 1991, wadda kuma bugunta na 1.0 ya fito a watan Maris na 1994.

Har ila yau, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya suna amfani da WordPress, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce. Kamfanin sufuri ko na dillancin hatsi da ya ba wani matashi kwangilar buɗe masa shafin talla, ko tsarin lissafin kaya, to akwai kyakkyawan zaton cewa da irin waɗannan tubala aka yi masa aikin.

'Yan Nijeriya ma suna cikin masu fitar da irin wannan manhaja. Mista Segun Adebayo ya fitar da Chakra UI a 2019, wato tarin tubalan da ake tsara fuskar shafi da su, kamar maɓallai da akwatunan cike bayani, kuma kamfanoni a ƙasashe da dama sun ɗauka. Mista Prosper Otemuyiwa ya rubuta wani tubali da ke sauƙaƙa haɗa shafin ciniki da kamfanin karɓar kuɗi na Paystack, kamfanin da Stripe na Amurka ya saya a watan Oktoba na 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Bugu da ƙari, a 2018 Mista Samson Goddy da Malama Ada Nduka Oyom sun kafa ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda ta shirya babban taronta na farko a Legas cikin watan Fabrairu na 2020, inda masu sana'ar ke gabatar da ayyukansu, su kuma tattauna na junansu.

Abin da lambobi uku ke nufi

Sanarwar sabon bugu takan zo da lamba, kuma a bisa al'adar da yawancin masu sana'ar ke bi, lambar kashi uku ce, misali 2.17.1. Idan lambar ƙarshe ce ta ƙaru, to faci aka yi, wato an toshe wani kuskure ba tare da taɓa sauran aikin ba. Idan ta tsakiya ce, an ƙara wani sabon abu, amma tsohon aiki zai ci gaba da tafiya. Idan kuwa lambar farko ce ta sauya, to an yi babban gyara, kuma mai yiwuwa ne abin da aka gina a kan tsohon bugu ya daina aiki har sai an sake masa fasali.

Chakra UI misali ne na kusa. Bugunsa na 1 ya fito a watan Nuwamba na 2020, na 2 a watan Mayu na 2022, na 3 kuma a watan Oktoba na 2024, kuma a wannan na ukun an sake rubuta manyan sassansa. Tubalin kyauta ne a kowane bugu, amma kamfanin da ke son ƙaura daga na 2 zuwa na 3 sai ya biya ma'aikacin da zai bi shafinsa ɗaki-ɗaki yana daidaitawa. A nan ne kuɗin buɗaɗɗiyar manhaja yake: a ladan mai kula da ita.

Kazalika sanarwa takan faɗi ranar da za a daina kula da tsohon bugu. Kamfanin Canonical na fitar da bugun Ubuntu mai dogon zango a watan Afrilu na kowace shekara biyu, yana kuma yi masa gyara kyauta na tsawon shekaru 5. Harshen Python bugu na 2 an daina kula da shi a ranar 1 ga Janairu, 2020. Daga ranar da wa'adi ya cika, manhajar za ta ci gaba da aiki kamar kullum, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya babu mai toshe ta.

Farashin rashin karanta sanarwa

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani, kuma abin da ya faru da kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin jama'a, ya tabbatar da haka. A watan Maris na 2017 gidauniyar Apache ta ba da sanarwar wata mummunar ɓaraka a manhajarta mai suna Struts, ta kuma fitar da gyararren bugu. Kamfanin bai ɗora gyaran a wata na'urarsa ba. Daga watan Mayu masu kutse suka shiga ta wannan kafa, suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince da biyan kuɗin sasanci da ka iya kaiwa dala miliyan 700.

Dalilin haɗarin a bayyane yake. Sanarwar da ke gaya wa masu amfani cewa an toshe ɓaraka, ita ce kuma ke nuna wa ɓarayi inda ɓarakar take, tunda rubutun a fili yake, kowa na iya kwatanta tsohon bugu da sabo. Saboda haka kwanakin da ke tsakanin fitar gyara da ɗora shi su ne mafi hatsari.

A watan Disamba na 2021 an ga yadda lamarin ke gudu. An gano ɓaraka a Log4j, wani ƙaramin tubali da ke rubuta tarihin abin da manhaja ke yi, wanda ke cikin na'urorin bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati a faɗin duniya. 'Yan sa-kai ƙalilan da ke kula da shi sun fitar da bugu 2.15.0, sai aka ga gyaran bai cika ba, suka biyo da 2.16.0, da 2.17.0, da 2.17.1, duk kafin watan ya ƙare. Matsalar da ta fi damun kamfanoni a lokacin ita ce da yawansu ba su ma san ko tubalin na cikin kayansu ba, domin wani tubalin ne ya jawo shi.

Wannan ba yana nufin a ɗora kowane sabon bugu da zarar ya fito ba. A watan Maris na 2024 wani injiniyan kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya gano cewa an dasa ƙofar sirri a bugu 5.6.0 da 5.6.1 na manhajar matse bayanai ta xz, kuma wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekaru biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. An kama abin tun kafin ya shiga yawancin na'urori, saboda akwai masu gwada sabon bugu, su tattauna abin da suka gani, kafin ya isa ga jama'a. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a gaggauta ɗora gyaran tsaro, babban bugu kuwa a fara gwada shi a gefe.

Lasisi ma kan sauya

Wani abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sa wa ido shi ne sharuɗɗan lasisi. Lasisin MIT, irin na Chakra UI, ya yarda a ɗauki manhaja a sa cikin kayan sayarwa, muddin an bar bayanin haƙƙin mallaka. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, sai shi ma ya baje rubutunsa. Kamfanin da ke shirin sayar da manhajarsa dole ya san wane iri ne a cikin kayansa.

Sannan mai abu na iya sauya ra'ayi. A watan Disamba na 2020 kamfanin Red Hat ya ba da sanarwar cewa zai daina kula da CentOS 8 a ƙarshen 2021, maimakon 2029 da aka tsara tun farko, lamarin da ya sa kamfanonin da suka dogara da shi neman mafita cikin shekara guda. A watan Agusta na 2023 kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa ta Terraform zuwa mai taƙaita amfanin 'yan hamayyar kasuwa. Da yake tsofaffin bugu suna nan a buɗe, wasu kamfanoni sun haɗu suka ci gaba da aikin da sunan OpenTofu a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Wannan dama ta ɗaukar aiki a ci gaba da shi ita ce babbar kariyar da buɗaɗɗiyar manhaja ke ba mai amfani, wadda kuma manhajar saye ba ta bayarwa.

Abin da ya rage ga mai dukiya

Faɗuwar darajar naira tun bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta ninka kuɗin lasisin manhajojin da ake biya da dala, don haka sha'awar buɗaɗɗiyar manhaja za ta ci gaba da ƙaruwa a tsakanin ƙanana da matsakaitan kamfanoni. A cikin watan ne kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awoyi 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, ta kuma tanadi tarar da ka iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa. Alhakin yana kan kamfanin da ya tattara bayanan abokan cinikinsa, ko da wani ne ya rubuta masa manhajar.

Saboda haka ya kamata kowace yarjejeniyar kwangilar manhaja ta ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko, jerin tubalan da aka yi aikin da su, da lambar bugunsu, da irin lasisinsu. Na biyu, sunan wanda zai riƙa bin sanarwar gyaran tsaro, da adadin kwanakin da zai ɗora gyara a cikinsu. Na uku, kasafin kuɗin kulawa na shekara-shekara, tare da ranar da wa'adin kowane babban tubali zai cika. Na huɗu, a miƙa wa mai kamfani cikakken rubutun umarnin, domin idan ɗan kwangila ya sami aiki a ƙetare, wani ya iya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ba a bukatar mai kamfani ya iya karanta rubutun na'ura kafin ya nemi waɗannan sharuɗɗa. Dillalin da ke da tireloli tsakanin Kano da Agege ya san cewa kuɗin sayen mota daban, na bakanike da juyen mai daban, yana kuma tambayar ranar da aka yi sabis na ƙarshe kafin a ɗora kaya. Irin wannan tambayar ce ake bukatar ya riƙa yi wa mai kula da na'urarsa: wane bugu ake amfani da shi, yaushe aka fitar da na baya-bayan nan, kuma me sanarwarsa ta ƙunsa.