Ƙwallon Nama Ba Tare da Nama Ba: Yadda Awara, Wake da Ƙuli-ƙuli Ke Cike Gurbi a Tukunya



'Yan uwa, Chadi ƙasar kiwo ce. Ƙidayar dabbobin da gwamnati ta gudanar tsakanin 2012 da 2015 ta nuna cewa shanu da raƙuma da tumaki da awakin ƙasar sun kusa miliyan 90. Duk da haka, a nan Ndjamena akwai gidajen da sai su yi mako guda nama bai shiga tukunyarsu ba. Maigida ya je kasuwar Dembe ko babbar kasuwa, ya tambayi kuɗin kilo, ya lissafa bakunan da ke jiransa a gida, sai ya juya wajen masu kuɓewa. Haka abin yake a makarantun allo da ke ciyar da almajirai masu yawa, haka kuma ga ɗaliban Jami'ar Ndjamena da na Jami'ar Sarki Faisal waɗanda ke dafa wa kansu a ɗakin haya.

Damuwar ta wuce ta daɗin baki. Yaro mai tasowa, da mace mai ciki, da mai shayarwa, duk jikinsu na buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, a kowace rana. Tuwo da miya tsararo suna cika ciki, amma ba su isa su gina tsoka da jini ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin hanya ɗaya mai sauƙi: haɗa ƙwallon nama, wanda a Ndjamena aka fi sani da bulet, daga awara ko wake, ba tare da ko tsoka ɗaya ba.

Abin da magabata suka riga mu sani

Hausawa na cewa rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki. Tun kafin kamfanonin Turai su fara tallar abin da suke kira madadin nama, mutanen wannan yanki suna da nasu.

A gabashin Chadi da Darfur akwai kawal. Ganyen tafasa ake tsinka da damina, a daka, a danna cikin tukunyar ƙasa, a rufe, a binne ta har kimanin mako biyu, ana buɗewa ana juyawa lokaci-lokaci. Idan ya ruɓa yadda ake so sai a cura shi, a shanya. Ana sa shi a miya a inda da nama ne zai shiga, don yana ba ta ƙamshi da ƙarfi.

A Kanem da gefen Tafkin Chadi kuma akwai dihe, wani koren gansakuka da matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su yayyanka. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam mai suna Jean Léonard ya ga ana sayar da shi a kasuwar Fort-Lamy, sunan da Ndjamena ke amsawa kafin 1973. Bincike ya nuna shi ne abin da duniya ke kira sifirulina, wanda busasshensa mai tsabta ke ɗauke da furotin kimanin kashi 60 cikin 100.

A ƙasar Hausa muna da daddawa da ƙosai da alala da ɗanwake da ƙuli-ƙuli. Awara ce baƙuwa a cikinsu. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin irinta, suna kiran ta tofu. A Najeriya kuwa ta yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya. Sunan ma daga wara ya fito, cukun nonon da Fulani ke yi a ƙasar Yarbawa. Yau da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi da yamma ba ka ga kaskon mai awara ba.

Me ke cikin waɗannan abubuwa?

Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar kusan giram 50. Ɗanyen naman sa yana da kimanin giram 20 a cikin kowane giram 100. Busasshen waken suya yana da tsakanin 36 da 40, farin wake kimanin 24, gyaɗa kimanin 25, ƙuli-ƙuli kuma ya fi gyaɗa tunda an matse mai. Awarar da aka matse sosai takan kai giram 12 zuwa 15, saboda akwai sauran ruwa a jikinta.

Akwai kuma wata hikima a yadda muke haɗa abinci. Furotin ɗin gero da dawa da masara yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin, shi kuwa wake yana da shi da yawa. Abin da wake ya gaza a kai, hatsi na da shi. Idan aka ci tuwon gero da miyar da ke da ƙwallon awara ko na wake, kowanne ya toshe giɓin ɗan uwansa.

Dalilin da ke sa ƙwallon wargajewa

Yawancin masu gwada wannan girki a karon farko abu ɗaya ke ba su haushi: suna jefa ƙwallon a mai sai ya watse. Dalilin a fili yake. Niƙaƙƙen nama idan aka sa masa gishiri aka murza, yana fitar da wani danƙo daga tsokarsa, wanda ke daskarewa a wuta ya riƙe curin. Awara kuwa ta riga ta daskare tun a tukunyar da aka yi ta, ba ta da sauran danƙon da za ta riƙe kanta. Dole ne a taimaka mata ta hanya biyu: a rage mata ruwa, sannan a kawo mata abin ɗauri daga waje, kamar ƙwai, ko garin alkama, ko garin rogo, ko busasshen burodi da aka daka.

Matsala ta biyu ita ce ɗanɗano. Awara lami ce, abin da aka ba ta shi take ɗauka. Armashin da harshe ke nema a nama ana samun makamancinsa a daddawa, da kawal, da busasshen tumatir, da albasar da aka soya har ta yi ja. Wanda ya yi rowar waɗannan, kada ya zargi awara.

Yadda ake haɗawa

Wanda ke da mai awara a kusa, ya sayi ɗanya wadda ba a soya ba. Wanda zai yi da kansa, ya tsince waken suya kilo 1, ya jiƙa awa 6 zuwa 8. Da bazara, lokacin da zafin Ndjamena ke wuce digiri 40, a rage lokacin jiƙon ko a sauya ruwan, don kada ya yi tsami. A wanke, a kai niƙa, a ƙara ruwa kimanin lita 8, a tace da ƙyalle mai tsabta. A ɗora madarar a wuta ta tafasa na aƙalla minti 15, ana juyawa don kada ta kama ko ta zube. Wannan tafasar ba abin wasa ba ce, domin ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, kuma zafi ne ke kashe shi. Daga nan a rage wuta, a riƙa zuba ruwan tsamiya, ko na lemon tsami, ko ruwan tsamin ƙullun kamu, kaɗan-kaɗan, har madarar ta tsinke ta taso sama, ruwan ya koma garai-garai. A kwashe a ƙyalle, a ɗaure, a ɗora dutse a kai na awa ɗaya.

Ga ma'aunin da zai ba da ƙwallo kimanin 20 masu girman goro:

Awarar da aka matse, rabin kilo. Albasa babba 1. Tafarnuwa ƙwaya 3. Attaruhu 2. Dakakkiyar daddawa cokali 1. Garin ƙuli-ƙuli cokali 3. Dakakken busasshen burodi ko garin alkama cokali 3. Ƙwai 1, in akwai. Citta da masoro da gishiri daidai buƙata.

A yanka albasa ƙanana, a soya ta da mai kaɗan har ta yi ja, a zuba jajjagen attaruhu da tafarnuwa, a bari ruwansu ya ƙone. Kada a sa ɗanyar albasa a haɗin, don za ta saki ruwa a cikin ƙwallon. A marmasa awara da hannu ko a kirɓa ta sama-sama a turmi, a zuba soyayyen kayan da sauran abubuwan, a cakuɗa sosai. A gwada da curi ɗaya: idan aka dunƙula a tafin hannu ya tsaya bai tsage ba, ya yi. Idan yana manne wa hannu, a ƙara gari. Idan yana tsagewa, a yayyafa ruwa cokali ɗaya. A rufe haɗin ya huta minti 20 don garin ya sha danshi, sannan a shafa mai a hannu a mulmula.

Wanda ke son ƙwallon da ba zai narke a miya ba, ya turara shi a madambaci na minti 10, ya bar shi ya huce, sannan ya soya. Man ya yi zafi kafin a saka, kada a cika kasko, kuma kada a taɓa shi sai gefen da ke ƙasa ya yi ja. A miyar tumatir ko ta gyaɗa ko ta kuɓewa, a saka shi a minti 5 na ƙarshe, bayan an gama burga miyar.

Dusar da ta rage a ƙyallen tata ma ba ta zubarwa ba ce. A soya ta a busasshen kasko har ta dahu ta bushe, a sa ta a madadin wani ɓangare na burodin.

Idan babu waken suya, farin wake ya wadatar. A dafa shi ya yi laushi amma kada ya fashe, a tsane shi sarai a rariya, a daka, a bi sauran matakan kamar yadda suka gabata. Ƙwallon wake ya fi na awara taushi, don haka ya fi son turarawa kafin suya.

Akwai kuma busasshen naman waken suya da ake sayarwa a leda a wasu kantuna. Kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1960, daga garin waken suyar da aka cire wa mai, kuma kusan rabin nauyinsa furotin ne. Ana jiƙa shi a ruwan zafi minti 10 zuwa 15, a matse da kyau, a daka, a haɗa da kayan da muka lissafa. Shi ya fi kama da nama wajen tauna.

Abin da ba zai iya yi ba

Ƙwallo biyar na haɗin awara suna ba babban mutum fiye da kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da yake buƙata a rana. Amma gaskiya ɗaya ce: akwai abin da nama ke da shi wanda wake ba shi da shi. Bitamin B12, mai taimakon jini da jijiyoyi, daga dabba ake samunsa. Gidan da nama ya yi wa wuya ya riƙe nono da kindirmo da ƙwai da kifi, ko da banda ne ko salanga, musamman saboda yara da masu ciki.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana cikin wake, sai dai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Matsa lemon tsami a abinci yana taimakawa. Shayi kuwa, wanda muke ƙauna a wannan gari, yana rage zuƙar idan aka sha shi a kan abinci. A ba shi tazarar awa ɗaya.

A kula da gyaɗa da ƙuli-ƙuli: duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, domin tana iya ɗaukar guba mai lahanta hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko waken suya, ya tsaya ga farin wake. Sannan awara ba ta jure zafi. In babu firji, abin da aka haɗa da safe a cinye shi a ranar.

Ta fuskar shari'a

Nama halal ne kuma ni'ima ce daga Allah. Wanda ya bar shi don rashin kuɗi, ko shawarar likita, ko don ransa bai so, babu laifi a kansa. Abin da bai halatta ba shi ne mutum ya haramta wa kansa ko wa wasu abin da Allah Ya halatta, yana ganin hakan ibada ce. Layya da yankan suna kuwa sai da dabba, babu abin da ke tsaya musu.

Wake da gyaɗa ba sa buƙatar yanka, don haka ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashen da naman halal ke wuyar samu suna da mafita a nan. Sai dai kayan leda a karanta abin da aka rubuta a jikinsu, domin wasu ana sa musu giya ko kitsen dabba don ɗanɗano.

Ga 'yan uwa mata masu sana'ar abinci kuma, wannan ƙofar neman halal ce mai ƙaramin jari. Sharaɗinta ɗaya: a faɗa wa mai saye abin da yake saye. Sayar da ƙwallon awara da sunan na nama, ko cakuɗa su a karɓi kuɗin nama zalla, algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. A kira shi da sunansa, a sa masa farashinsa, mai so zai saya.

Muna kira ga kwamitocin masallatai da malaman makarantun allo da su gwada wannan haɗi a tukunyar almajirai, da kuma abincin buɗa-baki idan azumi ya zo. Mace ɗaya da ta iya za ta koya wa goma a yini guda, kayan aikin kuma turmi ne da ƙyalle da kasko.

Allah Ya yalwata mana arziki na halal, Ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke ciyarwa. Amin.