Ba Yatsa Kaɗai Ke Buga Gem Ba

Akwai maganar da ake yawan ji a N'Djamena duk sanda aka ga samari sun cika shagon gem, a Chagoua ne ko a Diguel ko a Farcha: wai abin nan babu wata gwaninta a cikinsa, danne-danne ne kawai, inji ke yin aikin, wanda sa'a ta faɗo wa shi ke ci. Dattawa suka fi faɗin haka, kuma da damuwa suke faɗa. Su ma yaran suna da irin tasu. Wanda aka lallasa a wasan ƙwallo na PlayStation sai ya ajiye manet, wato abin sarrafa wasan, ya ce ai gem ɗin ne ya ba abokinsa, tun farko an tsara shi zai ci. Masu wannan ra'ayi da yawansu iyayenmu ne da malamanmu, girmansu yana nan a idona, amma a nan ban bi su ba.

A tambayi kowane mai shago. A inda ake bin ƙa'idar wanda aka ci ya tashi, zai nuna maka yaro ɗaya ko biyu da ke riƙe kujera tun la'asar har magariba, yau da gobe da jibi, da manet ɗin da kowa ke amfani da shi. Sa'a ba ta maƙale wa mutum ɗaya haka. A wasan FIFA 21, wani yaro ɗan ƙasar Denmark mai suna Anders Vejrgang, wanda bai wuce shekara 15 ba, ya ci wasa 535 a jere a gasar ƙarshen mako ta intanet kafin a samu wanda ya doke shi a 2021. Su kansu kamfanonin wasannin sun san bambancin gwani da ɗan koyo abu ne da ake aunawa, shi ya sa da yawansu suke jera 'yan wasa da lissafi mai tushe a tsarin Arpad Elo, wanda hukumar wasan chess ta duniya ta ɗauka tun 1970.

To mene ne gwanintar? Mafi yawan wasannin faɗa, irin su Tekken da Street Fighter, suna nuna hoto 60 a kowane sakan. A Tekken, naushi mafi sauri yana sauka cikin hoto 10, wato kashi ɗaya cikin shida na sakan. Shi kuwa ɗan Adam, kafin idonsa ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, yatsa ya motsa, yakan ɗauki wajen rubu'in sakan. Ke nan duk saurin hannunka, idan sai ka ga naushin za ka kare, ya riga ya same ka. Dole ka san zai zo tun bai taso ba. Ka lura abokin karawarka yana son kai hari ƙasa idan an matse shi a bango, ka lura yakan ja baya bayan ya yi kuskure, ka ajiye wannan a ranka, sannan ka tuna shi ma yana karantar ka kuma zai iya yi maka tarko da abin da ya san ka gano. Ga haddar ɗimbin motsi na kowane ɗan faɗa, wanne ke barin mai shi a buɗe, wanne ba ya bari. Duk wannan ana yin sa ne mutane na ihu a bayanka, zuciya na bugawa.

A gasar Evo ta 2004 a Amurka, Daigo Umehara na Japan ya rage da ɗigon rai a Street Fighter III, ko karewa ta yau da kullum ya yi zai faɗi. Abokin karawarsa Justin Wong ya sako masa hari mai bugu 15. Hanya ɗaya ta rage: ya tare kowane bugu ɗaya bayan ɗaya, kowanne a daidai ƙiftawarsa, kuma na farkon sai ya riga ya hango shi. Ya tare duka 15, ya juya ya ci zagayen. Faifan yana nan har yau, kuma ina roƙon duk mai cewa danne-danne ne ya kalle shi sau ɗaya.

Mu da muka tashi muna ganin manya a gindin bishiya kan dara ba mu taɓa cewa tsinke ko ƙwallon dutse ne ke cin wasa ba. Mun san akwai wanda ke hangen motsi uku gaba, kuma ana ba shi girmansa.

Damuwar iyaye kuwa tana da tushe, ba zan rage mata komai ba. Akwai yaron da gem ya raba da makaranta da barci, har da salla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019. Akwai shagunan da ake zuba kuɗi kan wasa, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Akwai kuma ɓangaren Ultimate Team a wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, inda mai kuɗi ke sayen fakitin 'yan ƙwallo bai san abin da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan fakitoci a matsayin caca a 2018. A nan lallai aljihu da sa'a suna da hannu. Sai dai uban da ya ce wa ɗansa abin banza ne da kowa zai iya ya rasa kunnen yaron, domin yaron ya san wahalar da ya sha kafin ya iya. Wanda ya ce masa, "Na san ka iya, amma ga lokacinsa, ga lokacin karatu," shi ya fi samun a saurare shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan N'Djamena yana fama da wahala biyu, ta wasan da ta gari. Wuta takan ɗauke ana tsakar wasa, sai mai janareta ko sola ya ci gaba. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, injin da mai riƙe da shi duk suna jigata. Chadi ba ta da teku, don haka babban layin intanet ɗinta sai ya ratsa maƙwabta irin su Kamaru kafin ya kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa, manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa kuma galibi suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Idan an tuna lissafin hoto 60 a sakan, za a gane illar wannan: jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan hoto shida ne, fiye da rabin lokacin da naushi ke ɗauka. Yaron da ke buga Free Fire ko PUBG Mobile a ƙaramar waya daga Walia yakan harbi inda abokin gaba yake ɗazu, alhali ya bar wurin. Idan ya faɗi, na kusa da shi ya ce ka gani, sa'a ce, shi kuma ya fara zargin kansa. Hanya ce ta cuce shi.

Labarin Pakistan ya kamata ya shiga kunnenmu. Kafin 2019 manyan Tekken na Koriya ta Kudu da Japan ba su sa ƙasar a lissafi ba. Samarin Lahore suna can a ƙananan shagunan gem suna karawa fuska da fuska, ba mai jin ɗuriyarsu, ga wahalar samun biza. A watan Fabrairun 2019 Arslan Siddique, da aka fi sani da Arslan Ash, ya ci Evo ta Japan, a watan Agusta kuma ya ci babbar Evo a Las Vegas bayan ya doke Knee, gwarzon Koriya. Ya riƙa faɗa wa duniya cewa akwai irinsa da yawa a gida, har Knee ɗin ya niƙi gari ya tafi Pakistan don ya kara da su.

Gwanintar da ta girma a shagunan Lahore ba da intanet mai ƙarfi ta girma ba, da zama kusa da juna ta girma, allo ɗaya da abokan karawa masu tsanani. Wannan N'Djamena tana da shi. Abidjan na shirya bikin wasannin bidiyo na FEJA tun 2017, inda 'yan ƙasashen Afirka ke haɗuwa a zaure ɗaya. Abin da za a fara da shi a nan bai kai haka tsada ba: gasa tsakanin unguwanni a ranar da ba makaranta, manet iri ɗaya ga kowa, ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya, ba sayen fakiti, ba zuba kuɗi, a rubuta sakamakon kowane wasa a littafi, kuma a gayyaci iyaye su zauna a sahun gaba.