Labarin Gatawa da Ƙasar Gobir ta Bakin Iyaka

Gatawa gari ne a ƙasar Sabon Birni, gabas maso arewa da birnin Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. Ƙasar nan jigawa ce mai rairayi, damina ba ta daɗewa a cikinta, amma gulabe sun rufa mata asiri. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga Katsina da Zamfara, su gamu su zama gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo ya zuba cikin Rima. Saboda haka manomi yana da gona biyu: tudu don gero da dawa da wake, fadama don shinkafa da albasa da alkama.

Wannan fadama ita ta jawo Gobirawa. Labarin kakanni ya ce daga Azbin suka taso, suka zauna Birnin Lalle, suka yi ta matsowa kudu. A ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya mai da Alƙalawa babban birninsa, nan kuma Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. A shekarar 1808, wato 1223 ta Hijira, rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, Sarki Yunfa ya mutu a wurin. Kufan Alƙalawa yana cikin ƙasar Sabon Birni.

Gobirawa ba su miƙa wuya nan da nan ba. Sai a 1836 Sarkin Musulmi Bello ya karya su a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi. Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya rigima ta tashi a gidan sarauta, Ɗan Halima ya ɓalle da mutanensa, ya yi amana da Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, ya gina Sabon Birni. A Isa kuwa sarautar Sarkin Gobir tana hannun zuriyar Bello. Ke nan tun kafin zuwan Turawa Gobir ta riga ta rabu.

Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, suka shata iyaka da Faransa bisa yarjejeniyar 1904 da ta 1906. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna hannun Ingila. Duk da haka aure da fatauci ba su yanke ba. Dabbobi da kanwa suna gangarowa daga arewa, hatsi da tufafi suna haurawa daga kudu. Don haka rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa aljihun talaka ƙwarai.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Sabon Birni sun haura 200,000, mafi yawansu manoma da makiyaya. Amma daga 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar, suna kore shanu, suna aza wa ƙauyuka haraji, dubban mutane suka gudu jihar Maraɗi wurin danginsu. A watan Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, a watan Agusta ya rasu a hannun ɓarayin. Talakawa suka ga in basarake bai tsira ba, mai fartanya ba shi da mafaka.

An ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Gulbi yana kawo ruwa kowace damina, fadama ba ta gaji ba, abin da manomin Gatawa yake bukata shi ne ya tafi gona da safe ya komo gida da maraice. Allah Ya kawo sauƙi, amin.