Hurumin teku da kasuwar kifi a Jowal-Fajut (Senegal): wa ke biya, wa ke ci?

0. Gabatarwa

Ran 4 ga watan Nuwamba 2004 gwamnatin Senegal ta fitar da doka mai lamba 2004-1408, wadda ta keɓe wurare 5 a cikin teku domin kare kifi da sauran halittun ruwa: San Luwi, Kayar, Jowal-Fajut, Bambung da Abene. Gwamnatin ta riga ta yi alkawarin haka a taron duniya kan gandayen daji da aka yi a Durban a 2003. A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin, wato na Jowal-Fajut mai faɗin murabba'in kilomita 174, mu duba yadda ya shafi masu neman abinci a garin: masunta, mata masu banda, fatake da masu hidimar baƙi. Abin da muke so mu nuna shi ne, kifin da ake iya karewa a wurin daban yake da kifin da ke riƙe da garin, kuma waɗanda suka yi hasara daban suke da waɗanda kuɗin baƙi ke isa hannunsu.

1. Game da kalma

Faransanci na cewa "aire marine protégée". Mun fassara shi da hurumin teku. An saba jin "gandun daji", to amma gandu na tuna wa Bahaushe gonar sarki ko ta maigida, ga shi kuma babu daji a cikin ruwa. Hurumi kuwa, wanda Hausa ta aro daga Larabci, shi ne filin da jama'a suka yarda ba a noma shi ba a gina shi, kamar makiyaya ko maƙabarta, alhali kowa na da haƙƙi a kansa. Wannan ma'ana ta fi kusa da abin da ake nufi, musamman da yake tun 2012 sunan hukumar da ke kula da waɗannan wurare a Senegal yana ɗauke da kalmar "communautaire". Sunayen kifaye mun bar su da Wolof, domin Hausa ba ta da su.

2. Gari ɗaya, sana'a biyu

Jowal-Fajut (Faransawa na rubuta Joal-Fadiouth) na can ƙarshen gaɓar da ake kira Ƙaramar Gaɓa, kimanin kilomita 30 kudu da Mbur, kilomita 110 da ɗoriya daga Dakar. Ƙidayar 2013 ta ba shi mutum fiye da dubu 45. Baƙo ya san shi da abu biyu. Na fari, a Jowal aka haifi Léopold Sédar Senghor a 1906, kuma ana ziyartar gidan mahaifinsa. Na biyu shi ne Fajut, tsibirin da ƙasarsa kanta ɓawon ƙumba ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zubarwa har ya zama tudu. Doguwar gadar katako ce ke kai mutum can, mota ba ta shiga. Wata gadar kuma ta kai ga maƙabarta inda ake binne Kirista da Musulmi a tudu ɗaya. Akasarin mutanen tsibirin Sarer ne mabiya ɗarikar Katolika. A gefe akwai rumbunan hatsi da aka kafa bisa turaku a cikin ruwa, waɗanda yanzu amfaninsu na kallo ya fi na ajiya.

Wannan shi ne abin da ke cikin hoton da baƙo ke komawa da shi. Amma in aka bi ta arewacin gari da la'asar, sai a tarar da ɗaya daga cikin manyan tasoshin saukar da kifi na Senegal baki ɗaya. Kwalekwale masu inji na isowa, matasa na shiga ruwa har ƙirji da akwatuna a ka, amalanken doki na jira, kamiyo masu ƙanƙara na jere. Bayan tasha, a unguwar Kelkom, mata ne ke gasa kifi, su ɓare shi, su zuba gishiri, su shanya. Wannan shi ake kira keccax. Wani kuma ana kyafa shi a tanda, fatake daga Burkina Faso da Gini su saye, su ɗora a mota. Kowane kwalekwale ke nan yana ciyar da jerin mutanen da ba su taɓa shiga teku ba: mai ɗauka, mai amalanke, mai sayar da kara da itace, mai gishiri, mai saƙa kwando, mai abinci a bakin tasha.

3. Abin da hurumi ya hana, da abin da ya tsirar

An raba hurumin kashi 3. A ɓangaren da ke dab da gaɓa an hana su da kwalekwale da jan taru. A ɓangaren da ke gaba an yarda da fatsa da koma mai manyan idanu. Na uku shi ne kurmin mangurob, itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsiro cikin ruwan gishiri, tare da hanyoyin ruwan da ke ratsa shi, waɗanda ake kira bolong. Kwamitin da ke gudanar da wurin ya haɗa masunta, mata, masu hidimar baƙi da ma'aikatan gwamnati, kuma masuntan garin da kansu ke fita sintiri tare da jami'ai.

Dalilin hana su a bakin gaɓa a fili yake. A nan ne ciyawar ƙarƙashin ruwa take, a cikinta ƴaƴan kifi ke ɓuya har su girma, ita ce kuma abincin koren kififiyar teku. Taru mai ƙananan idanu in an ja shi zuwa tudu, yana tuge ciyawar, ya kwashe ƙanana da manya. Su ma matan Fajut masu tsintar ƙumba a cikin laka lokacin da teku ta janye sun tsara aikinsu: a rufe wani fage ya huta, a bar ƙanana, a daina sare saiwar mangurob don cire abin da ya manne mata. Akwai kuma pulpu, dabbar nan mai hannuwa 8, wadda ta yawaita a ruwan Senegal tun daga 1986 ta zama hajar fitarwa zuwa Turai da Japan. Ana tsayar da kamunta na ɗan lokaci, a nutsar da tukwanen yumɓu waɗanda mata ke ginawa domin ta yi ƙwai a ciki. Mai karatu da ya san al'adar su a tafkunanmu, inda sarkin ruwa ke rufe tafki har ranar da zai buɗe shi ga kowa, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abin lura shi ne, duk waɗannan halittu mazauna ne. Ƙumba ba ta tafiya, ciyawa ba ta tafiya, pulpu na da raminta. Haka ma coof, babban kifin da ya fi kowane daraja a teburin Senegal, yana ƙuruciyarsa ne kusa da gaɓa. (Tsadarsa ta kai ga matasan Dakar suna kiran kyakkyawan saurayi mai abin hannu "coof". Ga masu nazarin sauyin ma'ana, misali ne mai kyau na yadda ƙarancin abu ke ɗaga darajar sunansa.) Ga irin waɗannan, shinge na da amfani, domin abin da aka bari yau ana iya tarar da shi baɗi a wuri ɗaya.

4. Yaboy

Kifin da ke cika tandun Kelkom dabam ne. Sunansa yaboy, ɗan ƙaramin kifi mai ƙaya da yawa da mai, wanda masana ke kira sardinela. Shi ne naman talaka, shi ke shiga tukunyar ceebu jën, shinkafa da kifin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2021, a gidan da ba a iya sayen coof. Rayuwarsa ta rataya ne ga iska. Daga wajen Nuwamba zuwa Mayu iskar arewa na ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi mai taki ya taso, ƙananan tsirrai su yaɗu, yaboy ya bi su garke-garke. Yana yawo tsakanin Maroko, Muritaniya, Senegal, Gambiya da Gini Bisau, bai san iyaka ba. Murabba'in kilomita 174 a wannan hanya tamkar rufe mashaya ɗaya ce a kan burtalin da ya ratsa ƙasashe 5.

Matsin da ke kan teku ya daɗe yana ƙaruwa. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994, wadda mu ma a Nijar muka ɗanɗana, ta sa kifin Senegal ya yi araha ga mai saye daga waje, sai masunta da yawa suka karkata ga abin da ake fitarwa, kwalekwale suka ƙaru, injuna suka ƙara ƙarfi. Daga baya sai ga masana'antun garin kifi da man kifi: gomomi a Nuwadibu ta Muritaniya, wasu a Gambiya, wasu a Senegal, har da Jowal kanta. Ana bukatar kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari, garin kuma abincin kifin kiwo ne da na dabbobi a Turai da Asiya. Wani rahoto da Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da ton dubu 500 na ƙananan kifaye ake kwasa kowace shekara daga gaɓar Afirka ta Yamma don wannan aiki, abin da zai isa mutum miliyan 33. Kwamitin masana na hukumar FAO da ke bin wannan yanki ya sha bayyana cewa kamun sardinela ya wuce abin da take iya mayarwa. Ɗumamar ruwa kuma na ƙara tura garken zuwa arewa.

A bakin tasha abin yana da sauƙin ganewa. Mai masana'anta na biya nan take, yana sayen kwalekwale sukutum. Mace mai banda na saye akwati-akwati, sau da yawa da kuɗin da ta ranta. In kifi ya yi ƙaranci, masunci zai sayar wa wanda ya fi tsoka, kuma ba za a ga laifinsa ba, tun da bashin mai na kansa. Tandu su yi sanyi, mai kara da mai gishiri su koma gida hannu wofi. A ganinmu wannan shi ne babban rauni na zancen hurumi idan aka gabatar da shi a matsayin maganin talaucin masunta: an hana mai jan taru a bakin gaɓa, wanda shi ne mafi ƙarancin jari a cikin masunta, alhali abin da ke cinye yaboy na faruwa nesa da alamomin da aka kafa a ruwa.

Kwalekwalen da ya rasa kifi ba ya rasa aiki. A 2006 mutum fiye da dubu 31 suka isa tsibiran Kanari na Ispaniya ta teku, a 2023 kusan dubu 40, a 2024 fiye da dubu 46. Mbur da Jowal na cikin wuraren da ake tashi, kuma masunta ne ke tuƙi, domin su suka san ruwa.

5. Kuɗin baƙi

Hujjar da masu foroje suka saba kawowa ita ce, abin da aka rasa a su za a same shi a yawon buɗe ido. Akwai inda aka gwada haka da gangan. A Bambung, cikin yankin Salum, ƙauyuka 14 sun yarda a rufe wani bolong tun 2003 tare da ƙungiyar Océanium ta Haïdar El Ali, aka gina masaukin baƙi mai suna Keur Bamboung domin kuɗinsa ya taimaka wajen biyan masu gadi. Can, kuɗin baƙo da aikin kariya an ɗaure su da igiya ɗaya.

A Jowal-Fajut lamarin bai zo haka ba. Yawancin baƙi suna kwana ne a otel-otel na Sali, wurin shaƙatawar da gwamnati ta gina kusa da Mbur a shekarun 1980. Ana kawo su da safe, su tsaya a bakin gada inda ake haɗa su da ɗan rakiya, su zaga tsibiri da maƙabarta, wasu su hau kwalekwale a tura su da gora zuwa rumbuna da mangurob, su sayi ɗan abin tsaraba, su koma. Kuɗin kwana da na abinci, waɗanda su ne masu tsoka, sun tsaya a Sali ko ma a ƙasar da aka sayi tikiti. Abin da ya rage ya shiga hannun ƴan rakiya, masu tura kwalekwale da mata masu sayar da kayan hannu a Fajut. Lallai waɗannan sun amfana da hurumi, domin mangurob mai rai da tsuntsayensa shi ne hajarsu. To amma mai jan tarun da aka hana yana can ɗaya gefen garin, sau da yawa ma ɗan ci-rani ne daga wata gaɓa, ba ya jin harshen baƙo, ba shi da kuma hanyar shiga layin ƴan rakiya.

Bugu da ƙari, wannan kasuwa ba ta da tabbas. A 2013 Senegal ta ɗora wa Turawa biza, baƙi suka ragu, aka soke ta a 2015. A 2014 tsoron Ebola ya kori wasu, ko da yake mutum 1 kacal aka samu da cutar a ƙasar. A 2020 annobar korona ta tsayar da kome. A kowane karo ɗan rakiyar da ya rasa baƙo yana da wuri ɗaya da zai koma, wato ruwa, kuma a lokacin ne kwamitin hurumi ya fi bukatar kuɗin man sintiri.

Dangane da jiragen waje, a Mayu 2024 sabuwar gwamnati ta buga jerin jiragen da ke da izinin su a ruwan ƙasar, abin da masunta suka daɗe suna nema. Ran 17 ga Nuwamba 2024 kuma yarjejeniyar su tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ta ba. An yi murna a tasoshi da dama. Sai dai jiragen da wannan yarjejeniya ta shafa, tuna da wani kifin zurfi suke kamawa. Yaboy ba ya cikin abin da aka ba su izini.