Waƙar da Ta Bi ta Habasha Kafin Ta Iso Kakuri

A shekarun 1960, idan mawaƙan wata majami'a suka rera waƙa da Hausa a Jos, aka so ma'aikacin masaƙa da ke haya a Kakuri, cikin garin Kaduna, ya ji ta a akwatin rediyonsa, waƙar kan yi tafiyar fiye da kilomita 6,000 in ta bi ta Habasha. Tsakanin Jos da Kaduna kuwa ko kilomita 300 bai kai ba. Ga yadda abin ya faru.

A wancan zamani gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo a Nijeriya. Sai a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu, kuma ko ita ba ta yarda a ba ƙungiyar addini lasisi ba. Don haka masu wa'azin bishara suka nemi mafita a waje. A watan Janairun 1954 mishan ɗin SIM ta buɗe Rediyo ELWA a gefen birnin Monrobiya na ƙasar Laberiya, a shekarar da aka kafa ikilisiyar ECWA. A watan Fabrairun 1963 kuma Tarayyar Lutaran ta Duniya ta buɗe wata tashar a Adis Ababa, Sarki Haile Selassie da kansa ya buɗe ta. Tana da injinan watsa shiri guda 2 a gajeren zango, kowanne mai ƙarfin kilowat 100. Masu sauraron Hausa sun san ta da suna Muryar Bishara.

Tashoshin suna can, amma masu waƙar suna nan. Sai kowace tasha ta kafa ɗakin ɗaukar murya a Jos. Mawaƙa su jeru gaban makirfo, a ɗauki muryarsu a kan zaren tef, a naɗe, a rubuta suna a jikin kwali, a aika. Na ELWA ya nufi yamma, fiye da kilomita 2,000. Na Muryar Bishara ya nufi gabas, fiye da kilomita 3,000, ya hau tsaunukan Habasha, daga can a sako shi cikin iska ya dawo gida. Mace za ta yi waƙa a Filato, bayan makonni ƙaninta ya murɗa rediyo a Kaduna, yana fama da ƙarar iska, ya ji muryarta tana fitowa daga wata ƙasa da ba ta taɓa takawa ba.

Su wa ke sauraro a Kaduna? Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, a 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot. Aiki ya jawo Bajju da Atyap da Ham da Adara daga kudancin lardin Zariya, ya jawo mutanen Filato da Adamawa da Binuwai, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa. Kowa da harshen uwarsa. Ranar Lahadi abin da ya haɗa su shi ne Hausa: Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka fassara, da kuma Littafin Waƙoƙi. Mutumin da ya tashi daga aikin dare, ƙurar auduga a gashinsa, idan ya kama tashar ya ji waƙar da ake yi a ƙauyensu, ya san ba a manta da shi ba.

Sai aka rufe bakin tashoshin, ɗaya bayan ɗaya. Sojojin Derg sun tumɓuke Haile Selassie a watan Satumbar 1974, a watan Maris na 1977 kuma suka ƙwace tashar Adis Ababa, suka mai da ita muryar juyin juya halinsu. ELWA ta ƙara shekaru 13, har yaƙin basasar Laberiya ya iso ƙofarta a 1990, aka ragargaza ta.

Waƙar ba ta mutu ba, domin kaset ya riga ya iso. Rediyo mai kaset ya shiga gidaje, mawaƙa suka daina jiran tashoshin waje. Ƙungiyar Zumuntar Mata za ta yi karo-karo, ta ɗauki waƙoƙinta, ta sayar a ƙofar majami'a bayan sujada ko a wurin taron shekara. Wannan ya ari na wancan ya kwafa, wancan ya kai wa surukarsa a Kafanchan ko Kagoro. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, da suka ci rayukan Musulmi da Kirista masu yawa, kogin Kaduna ya zama iyaka. Iyalan Kirista suka ƙauro kudu, zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwan Romi da Gonin Gora, iyalan Musulmi da dama suka koma arewa. Gidaje sun ƙone, da abin da ke cikinsu. Waƙoƙin da aka haddace ne suka haye gada ba tare da an ɗauke su a ka ba.

Idan mai karatu ya tambaye ni me zai saurara, zan ce ya fara da Zumuntar Mata, kuma ya nemi ɗaukar da aka yi a cikin majami'a, ba wadda aka lulluɓe da kiɗan kibod a situdiyo ba. Ya kasa kunne ga tulu. Ana dukan bakinsa da abu mai laushi, yana ba da wata murya mai zurfi da ke riƙe waƙar daga ƙasa, ga caki da ƙuge suna bi. Mace ɗaya ta ba da waƙa, mata hamsin ko ɗari su amsa. A nan ne, a ganina, waƙar ikilisiya ta Hausa ta samu kanta. Yawancin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi fassara ce, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka tsara a Ingila ko Amurka, shi ya sa wani lokaci karin zai hau inda kalmar ke sauka, har baƙon kunne ya kasa gane abin da ake faɗa. Matan nan kuwa daga maganar suke ciro karin, kowace kalma tana zaune daram a mazauninta. Ba banza ba ne da Cocin 'Yan'uwa ta Amurka ta karɓi baƙuncin mawaƙan Zumuntar Matan ikilisiyar EYN a 2015, shekara guda bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Mata ne, wasunsu an kore su daga garuruwansu, suka zaga majami'un Amurka suna waƙa da Hausa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da waƙoƙin littafi. Samu ƙungiyar da ta ƙware a murya huɗu, wadda malaminta ya koyar da do-re-mi da haƙuri, ka ji yadda mazan baya ke shigowa a ƙarƙashin muryar mata a lokacin Ista ko a wurin jana'iza. Tsigar jikinka za ta tashi. Sannan akwai mawaƙan Sabon Rai Don Kowa, yunƙurin bishara da ya taso daga Jos a farkon shekarun 1960, masu waƙoƙi gajeru da aka yi domin a rera su a kan hanya da cikin kasuwa.

Yau ba a wahala. Mai tura waƙoƙi a Sabon Tasha zai cika maka memori cikin 'yan mintoci, matasa na aika wa juna ta WhatsApp, sababbin ƙungiyoyi na YouTube. Abin da ke damuna shi ne tsofaffin. Zaren kaset yana manne wa juna, damina na sa masa fumfuna, rediyon da zai juya shi ma ya yi wuyar samu. Muryoyin iyayenmu mata na shekarun 1980 suna cikin akwatunan ƙarfe a Barnawa da Unguwan Television da Unguwan Sunday, kuma yawancinsu ba su da kwafi na biyu.

Don Allah, wanda ke da irin wannan kaset a gida ya fito da shi. A sa wani matashin ikilisiya ya juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan majami'a da shekara da sunan wadda ta ba da waƙar, tun akwai tsofaffin da za su iya shaida muryarta.