Dakota: In Inji Ɗaya Ya Mutu A Sama

Dattawan da suka saba zuwa filin jirgin sama na Kano a zamanin da, ba su manta da jirgin nan mai farfela biyu da Ingilishi ke kira Dakota ba, watau DC-3. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi, ya fara tashi ran 17 ga Disamba, 1935, aka kuma yi irinsa fiye da 16,000 in an haɗa da na soja. Abin mamaki, har yanzu akwai 'yan kaɗan da ke neman kuɗi, suna jigilar kaya, wani wurin har da mutane, a arewacin Kanada da Alaska da dazuzzukan Kolombiya, domin kuwa yana sauka a kan turɓaya ko tsakuwa inda jiragen zamani ba su iyawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. To amma mu abin da muke so mu bayyana wa masu karatu shi ne, me ke faruwa in inji ɗaya ya mutu alhali jirgi na sama?

A mafi yawansu, kowane inji yana da silinda 14 jere a kewaye, da ƙarfin doki 1,200. Da ɗaya ya tsaya, sai mai ran ya riƙa jan jirgin yana karkata shi wajen mataccen. Nan take direba zai taka abin juya wutsiya don ya miƙar da shi, ya tabbatar wane inji ne ya mutu, kada garin gaggawa ya kashe mai lafiyar. Sa'an nan sai babban aiki, watau ya juya fikafikan farfelar mataccen su ba iska gefe, kamar kaifin wuƙa. Wani famfo ne ke tura mai ya yi wannan aiki. In ba su juyu ba, iska za ta dinga kaɗa farfelar tana riƙe jirgin kamar an taka burki, inji ɗayan kuwa ba shi da ƙarfin da zai ɗauki jirgi ya kuma yi kokawa da wannan ja.

Ga misali. Ran 19 ga Agusta, 2013, wani Dakota na kamfanin Buffalo Airways ya tashi daga Yellowknife a Kanada zai tafi Hay River, da fasinja 21 da ma'aikata 3. Tashinsa ke da wuya sai injin dama ya kama wuta. Direbobi suka juyo, amma jirgin ya kasa riƙe sama, ya shafi itatuwa ya sauka da cikinsa kafin ya kai hanyar sauka. Allah Ya kiyaye, ko mutum ɗaya bai yi rauni ba. Da hukumar binciken haɗari ta Kanada ta duba, sai ta tarar silinda ɗaya ta daɗe da tsagewa, famfon juya farfela ya cije bai ƙare aikinsa ba, kuma ba a yi lissafin nauyi sosai ba kafin a tashi, har jirgin ya wuce ƙa'ida da laba 1,235.

Na Kolombiya kuwa bai zo da sauƙi ba. Ran 9 ga Maris, 2019, wani Dakota da ya taso daga San José del Guaviare zuwa Villavicencio ya sami matsala a injin hagu, farfela ta ƙi juyuwa, jirgin ya yi ta yin ƙasa har ya faɗi kusa da garin San Martín. Duk mutum 14 da ke ciki suka rasu.

In muka gwada labaran nan biyu, za mu ga mutuwar inji ita kaɗai ba ta cika ka da jirgi ba, gama tun wurin ƙira an shirya ya iya tafiya da ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: famfon da ba a kula da shi ba, ko kayan da aka ƙara don kwaɗayin riba, su ke cinye ɗan rarar ƙarfin da ya rage. Tsufa ma na da nasa rabo, don an daɗe da daina ƙera irin wannan inji, kayan gyara sai na ajiya ko waɗanda aka sabunta, makanikan da suka san shi kuma kullum raguwa suke yi. Shi ya sa kamfanin Basler da ke Oshkosh a Amurka ke cire tsofaffin injunan yana sa na zamani masu shan kananzir, amma kuɗin aikin ya fi ƙarfin ƙananan kamfanoni da yawa.

Ba mu ce a hana tsohon nan tashi ba, gama akwai ƙauyukan da ba hanyar mota, shi ne ke kai musu abinci da magani. Abin da muke cewa shi ne, mai jirgi ya auna kowane buhu kafin a loda, ya gwada famfon farfela a kan lokaci, ya horar da direbobinsa tafiya da inji ɗaya har ta zame musu jiki, hukuma kuma ta sa ido ba sani ba sabo. Ran mutum ba abin wasa ba ne. Allah Ya sauki matafiya lafiya, amin.