Ɗan Cin Rani Ya Dawo, Amma Ina Gonar?

A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, doguwar tafiya tsohuwar sana'a ce. A da, fatake kan yi watanni a ƙafa zuwa Gwanja neman goro, alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan kuwa sai sun yi shekara da shekaru kafin su ga gida. Bayansu sai 'yan cin rani: da an zuba amfani a rumbu, matasa su ɗaure ƙunshi su nufi kudu. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, amma bai kashe takawa ba. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 a Lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke ciki a lokacin, ta nuna dubban mutane na fita, da yawansu a ƙafa.

Abin da ba a cika dubawa ba shi ne dawowa. Wanda ya yi wata biyar yana zaga unguwannin Legas ko Ibadan da kurar ruwa ko akwatin gyaran takalmi, ƙafarsa ta saba da tafiya tun asuba har isha. Ya saba da kuɗi a aljihu kullum, ba mai ce masa ina za ka. Idan ya dawo gida, kwana biyun farko baƙo ne: sannu da hanya, ya ka baro su, a dama masa fura, ya raba tsaraba, sabulu ga gwaggo, turmin atamfa ga uwargida. Daga nan ya koma ɗa a gandun ubansa, mai jiran umarni. Wani barci ya ƙaurace masa, wani ya ga garin ya yi masa kaɗan, wani ya riƙa saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da can damina ce maganin wannan. Mutum kan auna dawowarsa da sharar gona. Ruwa na sauka sai shuka, sai noman farko, sai maimai, ga gayya inda zai haɗu da tsaransa. Kafin gero ya fid da kai, jiki ya gaji da aikin gida, zuciya ta kwanta. Kuɗin da ya tara kuma suna da wurin zuwa: taki, ɗan bijimi, ko kayan aure bayan kaka.

Wannan tsari ne rashin tsaro ya karya. A ƙauyuka da dama na Zurmi da Shinkafi gona mai nisa ta gagara, wadda ake iya zuwa ma sai an biya 'yan bindiga kuɗin noma, a sake biya lokacin girbi. Wanda aka san ya dawo da 'yan kuɗi yana tsoron kada labarinsa ya kai daji, don haka yakan shigo a ɓoye, tsarabar ma a ɓoye. A Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako a jihar Zamfara, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, aka kuma katse layukan waya, wanda ke kudu ya kasa jin ko iyalinsa na raye. Can kudun ma ba a bar 'yan cin rani sun huta ba: hana acaba a wasu sassan Legas a 2020 da 2022 ya koro matasa da yawa gida ba shiri, ba jari.

Sakamakon a fili yake. Cin rani ya zama cin rani da damina, mata na riƙe da gida su kaɗai, tsofaffi na kallon gonaki sun koma saura. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta samu kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Gaskiya ne kuɗin da ake turowa ta waya a cira wurin mai POS na ciyar da gidaje masu yawa, wasu ma sun dawo da sana'ar hannu irin walda da gyaran babur. Amma kuɗin saye ba ya cika rumbu, kuma saurayin da ya dawo ya rasa abin yi, shi ne mafi sauƙin ruɗi ga ƙwaya da miyagun abokai. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Gwamnatin jiha da sarakuna da masu hali su dubi watannin Mayu da Yuni, lokacin da matasan nan ke dawowa. A tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi, a tsare gonakin bakin gari, a kai taki da iri kafin ruwa ya zauna.